Sardauna bai zo bikin ba: yadda aikin gano fuska a hoto ke tafiya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Toh bismillah. Zan riƙa ajiye bayanin aikin nan kamar yadda yake tafiya, abin da na gwada da abin da ya fito, ko wani mai irin wannan aikin zai amfana.

Yayana yana da situdiyon ɗaukar hoto, kuma yawancin aikinsa biki ne, kamu, ɗaurin aure, dina, wani lokacin suna ko walimar sauka, kowane biki sai ya dawo da kati cike da hotuna shi da yaron shagonsa su zauna su yi ta tacewa har tsakar dare, wannan na rukuni ne, wannan amarya ita kaɗai, wannan babu komai sai ƙeyar mutane. Shine yace min tunda kullum ina kan laftof ai sai in yi masa abin da zai rage masa wahala. Abin da yake so bai da yawa a baki: firogiram ya duba hoto ya faɗi mutum nawa ne a ciki, ya zana akwati a fuskar kowa, ya ware hotunan gida gida. Ba gane waye a hoton ba, wannan wani aiki ne daban kuma ba zan taɓa shi ba, hotunan matan mutane ne a hannunmu kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023. Komai a kan laftof ɗin zai tsaya, ba abin da zai hau intanet.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, yaren rubuta firogiram na Python da OpenCV, wato tarin kayan aikin sarrafa hoto a kwamfuta, da tsohuwar dabarar gano fuska ta Paul Viola da Michael Jones ta 2001. A lokacinta abin mamaki ce, hoto 15 take dubawa a sakan ɗaya a kan kwamfutar wancan zamanin, Pentium III mai gudun 700 MHz. Yadda take aiki shine wata ƴar taga mai fiksel, wato ƴan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, 24 tsawo 24 faɗi tana yawo a kan hoton tana gwada haske da duhu, layin idanu ya fi kumatu duhu? karan hanci ya fi gefensa biyu haske? haka haka har alamomi sama da 6000, an jera su mataki 38 kamar rariya a kan rariya, mafi yawan wurare tun matakin farko ko na biyu ake zubar da su shi ya sa take da sauri.

Na sa mata hotunan wani kamu. Wallahi na yi dariya har yaron shago ya leƙo. Ta zana akwati a soket ɗin bango, ta zana a zanen kafet, ta zana uku a jikin atamfar anko ta wata baiwar Allah, ta zana a gaban adaidaita sahu da aka faka a ƙofar gida saboda fitila da gilas sun yi mata kama da ido da goshi. Amaryar kuma da aka yi taron dominta ba ta gan ta ba sam. Na ɗaga minNeighbors, wato ma'aunin tsaurinta kafin ta yarda abu fuska ne, daga 3 zuwa 6, shirmen ya ragu amma rabin ƙawayen amarya suka ɓace tare da shi.

Talata, 14 ga Janairu

Na ajiye Viola da Jones, Allah ya saka musu. Na koma YuNet, yana cikin OpenCV ɗin ma, injin zamani ne irin masu koyo daga hotuna kuma fayil ɗinsa bai kai megabait ɗaya ba, laftof ɗina da ba shi da wani katin zane na kirki yana ɗaukarsa lafiya lau. Bayan akwati yana ba da maki daga 0 zuwa 1 na yadda ya yarda fuska ce, da ɗigo biyar, ido biyu, kan hanci, gefen baki biyu.

Soket da kafet duk sun tafi. Amma sai wata matsala ta fito wadda ta fi ta farko ban sha'awa, dan yanzu duk abin da ya zana wa akwati fuska ce ta gaskiya, kawai dai ba mutum bane a wurin. Hoton dina na farko da na buɗe ya ce mutum goma sha wani abu, na ƙirga da ido na ga shida. Sauran ina suke? Kuɗin liƙi. Sardauna a jikin ɗari biyu, Azikiwe a jikin ɗari biyar, ita kuwa dubu ɗaya fuska biyu take bayarwa lokaci guda, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi amma kowa ya san abin da ke faruwa a hol, kuma kamarar Yaya mai kyau ce, takardar da ke kusa da ita tar take fitowa. Banda kuɗi akwai kalandar bango mai hoton malamai, akwai fastar ƴan siyasa da ta rage a katanga tun zaɓen 2023, akwai hoton amarya da ango da ake bugawa a jikin jaka da kofi da mafici na rabo, akwai wayoyin mutane da suka ɗaga suna ɗaukar amarya fuskarta ta fito a kowane sikirin.

Ba zan ce injin ya yi kuskure ba. An horar da shi da WIDER FACE, tarin hotuna 32,203 masu fuska 393,703 da wata jami'a a Hong Kong ta fitar a 2016, kuma tambayar da aka koya masa ita ce shin waɗannan fiksel ɗin suna da siffar fuska. Tambayar Yaya kuma ita ce wa ya zo bikin. Yaro ɗan shekara biyar ba zai taɓa ƙirga Sardauna cikin ƴan biki ba, ba dan idonsa ya fi na injin kaifi ba, sai dan ya san mutum ba ya kwanciya a kan goshin wani mutum.

Lahadi, 19 ga Janairu

Satin nan karatu na fi yi. Ashe maganar cusa wa kwamfuta irin hankalin da kowa ke da shi tsohuwar magana ce a fagen ƙirƙirarriyar basira, tun ƙarshen shekarun 1950 John McCarthy ya yi rubutu a kai. A 1984 Douglas Lenat ya fara wani aiki mai suna Cyc a Austin ta jihar Texas, suka ɗauki mutane suna zama suna rubuta wa kwamfuta abubuwan da ba wanda ke faɗa saboda kowa ya sani, irin su ruwa yana gangarawa ƙasa, uwa ta girmi ɗanta, ya yi ta yi har ya rasu a 2023. A jami'ar MIT ta Amurka kuma a 1999 suka buɗe wa jama'a ƙofa kowa ya rubuto nasa, daga nan wani rumbun irin wannan ilimin mai suna ConceptNet ya fito.

A ɓangaren fuska ma an gwada. Wasu masu bincike, Yang da Huang, a 1994 sun rubuta ƙa'idoji da hannu, tsakiyar fuska haskenta kusan ɗaya ne, sama da ita akwai bambanci, da sauransu. Bai yi nisa ba, in ka tsaurara ƙa'ida ka rasa fuskoki in ka sassauta komai ya zama fuska, shi ya sa masu koyo daga hotuna suka kwashe kasuwar.

Abin da na yanke: ba zan koya wa kwamfuta yadda fuska take ba, wannan YuNet ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Zan sa ƙa'idojin ne a bayansa, su duba abin da ke kewaye da fuskar. Mu ma ai haka muke, idonmu yana ganin fuska inda babu, a 1976 kumbon Viking 1 ya ɗauko wani tudu a duniyar Mars mutane suka rantse fuskar mutum ce har sai da aka sake ɗaukarsa da kamara mai kyau shekaru bayan nan aka ga dutse ne da inuwa. Ido yana kawo shawara, wani abu a baya yana cewa a'a wannan ba zai yiwu ba. Wannan na bayan nake son ginawa, ƙarami dai daidai biki.

Asabar, 25 ga Janairu

Ƙa'ida ta farko: fuska tana da jiki, kuma jikin a ƙasanta yake.

Na haɗa YOLO, injin gano abubuwa a hoto, ƙaramin cikin nau'ikansa, wanda aka horar da tarin hotunan COCO mai nau'in abubuwa 80 kuma mutum na ciki. Shi yana zana akwatin mutum gaba ɗaya. Sai na ce duk fuskar da ba ta faɗa cikin saman akwatin wani mutum ba a jefar da ita. Na ƙara da lissafin masu zane, babban mutum tsawonsa kai bakwai zuwa takwas ne, jariri kuma kamar kai huɗu, saboda haka in fuska ta yi ƙanƙanta ƙwarai a kan jikin da take ciki to ba tasa ba ce. Wannan ya kashe hotunan jikin jaka da riga nan take, dan fuskar da ke kan cikin mutum ko a hammatarsa ba ta wuce ba.

Sai goyo ya shigo. Mace ta juya gefe, yaro a bayanta an ɗaure da zani, kansa kaɗai ya leƙo a daidai kafaɗarta ko ƙasa da haka, YOLO bai ga jikinsa ba tunda babu abin gani, ƙa'idata ta ce fuska biyu a jiki ɗaya ƙaramar ƙarya ce ta goge yaron. A hotunan yinin biki kuwa goyo ba ɗaya ba ba biyu ba. Wanda ya zauna a wata ƙasa ya rubuta irin wannan ƙa'idar ba lallai ya taɓa cin karo da wannan ba, mu kuwa a hoto na uku ta fashe. Na sa togaciya: ƙaramar fuska da ke gefen akwatin, tsakanin kafaɗa da ƙugu, ana barinta. Amma ka ga wurin nan ne dai jakar rabo mai hoton amarya take rataya. Gyaran gangar auzinawa kenan, goyo ya dawo jaka ma ta dawo.

Wata matsalar kuma babbar riga. Hoton ɗaurin aure maza sun jeru kafaɗa da kafaɗa duk farar shadda, YOLO ya rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara sai ya haɗe mutum uku a akwati ɗaya. Mata a zaune kan tabarma cikin manyan hijabai ma haka, wani lokacin ko mutum ba ya kiransu. Dole na sassauta, in akwatin mutum ya yi faɗi fiye da kima a bar shi ya ɗauki fuska fiye da ɗaya matuƙar girmansu ya yi kusa kuma suna layi ɗaya.

Fastar ɗan takara mai cikakken jiki da hula da babbar riga ta wuce wannan ƙa'idar cikin kwanciyar hankali, tana da kai tana da kafaɗa.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau na ji daɗi. Ƙa'ida ta biyu girma ce da nisa, kuma ɓangarenta na farko layi uku ne kacal na kod, wato rubutun firogiram: fuska ba ta zama a cikin fuska. In ƙaramin akwati ya faɗa cikin babba, ko ya hau kan gwaggwaro ko kafaɗar mai babban, kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa ba, a cire. Kuɗin da aka manna wa amarya a goshi duk sun tafi. Na ƙasa da ake takawa ƙa'idar jiki ta riga ta kwashe su.

Ɓangare na biyu na samo shi daga aikin Hoiem da Efros da Hebert na 2006 a jami'ar Carnegie Mellon, su a kan motoci da masu tafiya a titi suka yi amma tunanin ɗaya ne. In mai hoto yana tsaye kamara a daidai idonsa kuma ƙasa a shimfiɗe take, to kawunan duk manyan da ke tsaye kusan layi ɗaya suke faɗawa a hoton ko suna kusa ko suna nesa, ƙafafunsu ne ke hawa sama yayin da suke nisa, fuskar kuma tana ƙanƙancewa. Saboda haka in na samu fuskoki uku huɗu da na yarda da su zan iya zana wannan layin, daga nan duk fuskar da ta yi sama da shi sosai kuma ta yi girma abin tuhuma ce. Allon talla a bayan masu ɗaurin aure, fuska ƙatuwa a sama da rufin masallaci, ya fita. Banar da ake ratayawa a bayan kujerar amarya da ango, wadda fuskokinsu suka ninka na gaske, ta fita.

Na ɗauko tsofaffin hotunan hawan sallah na Yaya dan in ga inda za ta karye, kuma ta karye inda na zata. Mahayi a kan doki kansa ya wuce layin kowa, yaran da suka hau katanga da bishiya suna kallo, wanda aka ɗora a wuya. COCO yana da doki a cikin 80 ɗin nan, sai na ce in akwai doki a ƙarƙashin mutum a ɗaga masa ƙafa. Katanga da bishiya babu su a ciki. Bambancin da ya cece ni shine yaron kan katanga fuskarsa ƙarama ce daidai nisansa, ta allon talla kuwa babba ce, dan haka tsawo kaɗai ba ya kora sai ya haɗu da girma.

Yaya ya leƙo yana kallo, yace "kai yanzu duk wannan wahalar dan kwamfuta ta san doki ake hawa?" Nace eh Yaya, ba wanda ya taɓa gaya mata.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ba wuta kusan duk satin, batirin laftof kuma ya tsufa. Bukukuwa sun yi yawa kowa na son a kai amarya kafin azumi, Yaya ba ya zama. Abin da na iya yi kawai sa alama da hannu a wasu hotuna, wannan mutum ne wannan takarda ce, dan in samu abin gwaji tsayayye.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ina ganin na samu ƙa'idar da ta fi duk sauran, kuma ba a cikin hoto ɗaya take ba. Mai hoton biki ba ya ɗaukar ɗaya, yana danna uku huɗu a jere a wuri ɗaya, kuma kamara tana rubuta lokacin kowanne har sakan a cikin fayil ɗin. Mai rai yana motsi, ya ƙifta ido, ya karkata kai, murmushi ya ƙaru ko ya ragu. Kalanda ba ta yi.

Sai na haɗa hotunan da ke tsakanin ƴan sakanni, na daidaita su a kan juna da ORB, dabarar nemo wurare iri ɗaya a hotuna biyu, tunda hannun mai hoto ma yana ɗan motsi, bango ya hau kan bango, sannan na gwada ɗigo biyar ɗin nan na kowace fuska. Wadda ɗigonta ba su gusa ba ko kaɗan dangane da bangon, kuma fiksel ɗinta iri ɗaya ne sak, takarda ce. Fastar ɗan takara mai kafaɗa da ta gagari ƙa'ida ta farko yau ta faɗi. Kalandar malamai ta faɗi. Hotunan iyaye da ake jerawa a falo cikin firam sun faɗi.

Wanda ya kusa faɗuwa tare da su wani dattijo ne a wurin ɗaurin aure, yana zaune ya jingina da bango carbi a hannu, hoto huɗu bai motsa ba. Da na ƙara girman hoton akwai ɗan bambanci a fatar ido, saboda haka na matse ma'aunin ya zama sai wadda ba ta canza ba kwata kwata. Angwaye ma wasu haka suke sandarewa gaban kamara, Allah ya ba su haƙuri.

Inda ba ta aiki: hoton da aka ɗauka shi kaɗai, da abin da ke hannun mutum yana motsi tare da shi, waya da mafici da jaka.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Duk abin da na yi zuwa yanzu na korar fuskar ƙarya ne. Satin nan na juya ga waɗanda suke nan amma injin bai gansu ba, kuma wannan ya fi ciwo dan in ka ƙirga kalanda dariya za a yi, in ka bar uwar amarya a waje magana ce.

Kashi uku suke. Na farko waɗanda suka rufe, amarya cikin lulluɓi ranar kamu kanta a sunkuye, masu niƙabi, masu sarauta da amawali ya rufe baki da haɓa, tsofaffi masu takunkumi saboda hazo. Na biyu ƴan can baya da fuskarsu ba ta fi fiksel goma sha ba. Na uku waɗanda hoton ya yi musu duhu.

Na biyun akwai aikin Peiyun Hu da Deva Ramanan na 2017 a kan ƙananan fuskoki, sun nuna cewa in fuska ta yi ƙanƙanta sosai abin da ke kewaye da ita, gashi da kafaɗa da wuya, shi ke taimakawa a gane ta fiye da ita kanta. Sai na juya ƙa'ida ta farko: in ga jiki babu fuska, to a koma saman jikin nan a yanko shi a ƙara masa girma a sake tambayar YuNet, kuma a sauke makin wucewa daga 0.8 zuwa 0.4 a wannan wurin kaɗai. A duk hoton in ka sauke haka shara za ka kwasa, amma a inda ka riga ka san kai ya kamata ya kasance ba laifi. Masu rawani da yawa sun dawo ta haka, ido da karan hanci sun ishe shi in an nuna masa wurin.

Na ukun laifin farar shadda ne da fitilun hol. Kamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya, ta ga fari ya cika ko'ina sai ta rage, kayan su fito tas fuskar baƙin mutum ta nutse. Ina gyara wannan da CLAHE, dabarar fito da bambancin haske da duhu, a kan yankin kan kawai kafin a sake dubawa, kuma yana taimakawa sosai. Amma ba duka laifin kamara bane, su kansu injinan abin da suka fi gani shi suka fi sani. Joy Buolamwini, wadda iyayenta ƴan Ghana ne, ta ba da labarin yadda a MIT sai da ta sa farin abin rufe fuska kafin wani firogiram ya ga akwai mutum a gabansa, kuma a 2018 ita da Timnit Gebru suka gwada injinan manyan kamfanoni uku wajen faɗin namiji ne ko mace, kuskure a kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7 cikin ɗari a inda ya fi muni, na maza masu hasken fata bai wuce 0.8 ba. Ba aiki ɗaya bane da nawa amma tushen ciwon ɗaya ne, kuma a hotunanmu ba wasu tsiraru bane abin ya shafa, kowa ne.

Masu niƙabi da amarya a lulluɓe na yanke ba zan matsa ba. Wadda ta rufe fuskarta ta rufe ne da niyya, ba aikina bane in sa kwamfuta ta yi ta tono. Firogiram ɗin zai ƙirga ta a matsayin mutum ta hanyar akwatin jiki, ya rubuta babu fuska a bayyane, shikenan. Yaya yace hakan ma ya fi masa dan hoton lulluɓi gida guda yake ware musu a albam.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama, biki ya tsaya, na samu zama da daddare bayan tarawihi.

Ƙa'idojin sun fara faɗa da juna. Ta jiki tana cewa a kori wannan, ta motsi tana cewa ai ya ƙifta ido, togaciyar goyo tana shigo da abin da ta girma ta kora, kuma wadda na fara kira a kod ita ke cin nasara, wanda ba hujja bace. Saboda haka na daina barin kowace ƙa'ida ta yanke hukunci ita kaɗai. Yanzu kowacce lamba take bayarwa, akwai jiki ko babu, girman ya dace da layin ido ko bai dace ba da kuma nawa ya kauce, ya motsa ko bai motsa ba, yana cikin wata fuskar ko a'a, a haɗa da makin YuNet, sai wani ɗan ƙaramin lissafi na scikit-learn, kayan aikin koya wa kwamfuta daga misalai, ya koyi nauyin kowacce daga hotunan da na sa wa alama. Abin da ya fito bai ba ni mamaki ba sosai, rashin motsi da fuska cikin fuska su suka fi nauyi, ƙa'idar jiki da na fi shan wahala a kanta ita ce mafi rauni saboda YOLO kansa yana tuntuɓe a kayanmu. Waɗanda makinsu ya tsaya a tsakiya ba a yanke musu, ana tura su wani gida yaron shago ya duba da ido, kuma gidan ba ya cika.

Na gwada CLIP na kamfanin OpenAI, injin da ke gwada hoto da rubutu ya faɗi wanne ya dace da wanne, wanda suka fitar a 2021 bayan horo da hoto da rubutu miliyan 400, ana iya sauke shi ya yi aiki ba intanet. Ina yanko fuskar da kewayenta in tambaye shi wanne ya fi kama, mutum a tsaye ko hoto a jikin takarda ko sikirin ɗin waya. A waya da jaka yana ƙoƙari fiye da duk ƙa'idojina, amma laftof ɗin yana nishi, dan haka sai a kan na tsakiyar nan kawai zan riƙa kiransa.

Madubi ne ya rage kuma ban ga hanyarsa ba tukuna. Hoton kwalliya, amarya a gaban madubi mai kwalliya na gyara mata ɗauri, fuska biyu mutum ɗaya, ta madubin tana da jiki, girmanta daidai, tana motsi, duk ƙa'idojin ta cinye su. Na ce wa Yaya zan nemi yadda za a riƙa cire ta madubin, yace "a'a kar ka soma, ai ita ce hoton, ta gasken ƙeya ce kawai ta juyo mana." Dan haka a ƙirga mutum ɗaya ce, a yankan albam kuma ta madubin ake so, amsa biyu kenan daga hoto ɗaya kuma dole firogiram ɗin ya san wacce ake tambaya. COCO ba shi da madubi a cikin nau'ikansa, sai dai in tara hotunan ɗakin kwalliya in sa musu alama in ƙara horar da YOLO da kaina, in haɗa da goyo da mata a zaune cikin hijabi da maza a babbar riga tunda duk matsalar wuri ɗaya take. Yaya ya yarda in yi amfani da tsofaffin katunansa amma sai waɗanda ya kira masu bikin suka amince, ya fara kiran tun jiya. Kafin sallah ina son in gama sa alamar, in yi masa maɓalli ɗaya da zai danna ba sai ya buɗe baƙin allon nan da yake tsoro ba, sannan mu gwada a bikin farko na bayan sallah.